Ba a Taɓa Majinyaci ta Waya

Akwai wata magana da ta yi yawa a bakunan wasu manyanmu tun da annobar korona ta lafa, wai annobar ta zo da alheri a ɓoye, domin ta nuna cewa kowane irin karatu yana yiwuwa ta intanet. Mu kam ba mu yarda ba, kuma abin da ya fi yi mana ciwo shi ne yadda ake cusa har da karatun likita a cikin wannan kirari.

Bari mu tuna wa masu saurin mantuwa. Ranar 27 ga Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar a Legas. Kafin Maris ya ƙare an rufe jami'o'i, a daidai lokacin kuma ƙungiyar malaman jami'a, ASUU, ta tsunduma yajin aikin da bai ƙare ba sai Disamba, wata tara ke nan. Cikin wannan ruɗani ne Ministan Ilmi na wancan lokaci, Malam Adamu Adamu, ya umarci manyan makarantu su koma koyarwa ta intanet. Umarni dai ba ya wuyar bayarwa. Amma malaman suna yaji, ɗalibin kuwa ya koma gidan ubansa, inda wuta ba ta zuwa, sai ya hau tudu kafin wayarsa ta kama, kuɗin data kuma sai an fitar da hatsi kasuwa.

To, a ce ma an ba kowa wuta da kwamfuta. Ba mu musa cewa ana iya sauraren lacca a kan sunayen ƙasusuwa ko aikin magunguna daga ɗaki ba. Wannan kuwa farfajiyar likitanci ce kawai. Mu da muke zaune da ɗaliban likita mun san inda suke zama likitoci: a gefen gadon majinyaci, suna biye da babban likita yana zagaye, yana tambaya, yana tsawa. A can hannu yake koyon lalubo saifar da ta kumbura, kunne ya rarrabe numfashin mai ciwon huhu, ido ya gane shawara tun kafin a ɗebi jini. A can ake koyon neman jijiya a hannun jaririn da gudawa ta tsotse, uwarsa tana tsaye tana kuka. Kai, har hanci yana da nasa karatun! Wace waya ce za ta koya wa saurayi ɗan shekara ashirin da uku yadda zai dubi dattijo ya shaida masa cewa matarsa ta cika?

A tuna da Dakta Stella Adadevoh. A Yulin 2014, a Legas, ta dubi matafiyin da ya zo daga Laberiya, ta yi zargin Ebola ce, ta ƙi sallamarsa duk da matsin da aka yi mata. Ta rasa ranta a Agusta, amma cutar ba ta bazu yadda aka ji tsoro ba. Irin wannan ido, shekaru a cikin majinyata ke wasa shi.

A Ingila, cikin 2020, an gaggauta yaye ɗaliban ajin ƙarshe aka tura su asibitoci su kama aiki. Namu kuwa aka sallame su gida, alhali ga makarantar da ba za su sake samun irinta ba. Aka dawo, sai yajin 2022 ya sake cinye wata takwas.

Don haka muna kira ga Majalisar Likitoci ta Ƙasa da hukumomin asibitocin koyarwa: kada a lissafa wa ɗalibi sa'ar da ya yi yana kallon allon waya a madadin sa'ar ɗakin haihuwa ko ɗakin fiɗa. In wata annobar ta sake ɓullowa, a tanadar wa ɗalibai takunkumi da safar hannu da rigar kariya, a bar su a asibiti tare da malamansu.