Gidan gwanjo: araha a kotu, tsada a damana

Kwanan baya wata Hajiya mai sayar da atamfa ta kira mu a gidan rediyo, muryarta na rawa. Ta ce ta kwashe kuɗin adashe da rabin jarinta ta sayi gidan da banki ya kama aka yi gwanjonsa a kotu. Damana ɗaya kawai, bangon baya ya zube, salga ta rufta, ga mai gidan na da har yanzu yana ciki da iyalinsa. Hajiya ta yafe mana, amma labarinta ne ya sa muka ɗauki alƙalami, domin mun san ƴan kasuwa da yawa suna kwaɗayin irin waɗannan gidaje.

Mu fara da yadda abin yake tafiya. Nijar tana cikin ƙasashen OHADA, yarjejeniyar da aka sa wa hannu a 1993, kuma dokarta ta karɓar bashi, wadda aka yi a 1998 aka sabunta a 2023, ita ce ke tsara kama gidan wanda ya kasa biya. Mai bin bashi shi ke yanka kuɗin da za a fara tayi da shi, doka kuma ta yarda ya sauko har zuwa kashi ɗaya cikin huɗu na darajar gidan. To nan ne ido ke rufewa. Mutum ya ji an ce gidan miliyan 20 za a fara da miliyan 5, sai ya manta cewa wannan buɗe baki ne kawai, wasu ma sun ji, kuma da kuɗinsu za su zo.

Ko da an buga maka gida, magana ba ta ƙare ba. A cikin kwana 10 wani yana iya zuwa ya ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin goma a kan kuɗinka, a sake gwanjo. In kuma kai ne ka kasa cika kuɗi da sauran caji cikin kwana 20, ana iya sake sayar da gidan, idan ya faɗi ƙasa da tayinka kai za ka cika giɓin. Wannan ba cinikin kasuwa ba ne da za ka ce "Alhaji, a yi mini haƙuri sai kaya sun fita." Bayan haka ga kuɗin rajista, ga na lauya ko notar, ga na juya takardar mallaka zuwa sunanka.

Sai mu zo ga gidan kansa. Jama'a, mutumin da bashi ya sha wa kai shekara uku ko huɗu, da me zai yi yaɓe? Da me zai canza kwano? Wanda ya san za a fitar da shi ba ya gyara indararo. Shi ya sa da yawan gidajen nan rashin kula ya riga ya cinye su: gara ta shiga azara, danshi ya ci gindin bango, rufi yana yoyo, wayoyin wuta sun tsufa. Wani ma kafin ya fita sai ya cire ƙofofi da tagogi da famfo. Wani kuma ya bar bashin wuta da na ruwa, sabon mai gida ya yi ta safa da marwa kafin a maido masa. Kotu ba ta ba ka lamunin lafiyar gini. Abin da mai bashi ya mallaka shi take miƙa maka, yadda yake.

Kada mu manta da damanar 2024. Mun ga yadda ruwa ya rusa gidaje a Maraɗi, mun ga tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda ya haura shekara ɗari, ya faɗi a watan Satumba na 2024. In ginin da jama'a ke kula da shi ya kasa, ina ga gidan da aka yi watsi da shi a cikin kwari?

Akwai kuma abin da kuɗi ba ya gyarawa. Doka tana iya ba ka ikon fitar da mutanen da ke ciki ta hannun wisiye, amma kai ne za ka zauna a unguwar, matarka ce za ta je suna da biki da maƙwabtan da suka ga an fitar da kayan mutane waje. Ya kamata mai saye ya san wannan tun kafin ya ɗaga hannu, ya nemi hanyar sulhu, ya ba su wa'adi na mutunci.

Ba mu ce kada a saya ba. Akwai waɗanda suka saya suka ji daɗi, amma sun yi aikinsu tun da wuri. Ku je ofishin magatakardan kotu ku nemi takardar sharuɗɗan sayarwa, ku sa wanda ya iya Faransanci ya karanta muku ita layi-layi. Ku tabbatar da takardar mallakar filin a ofishin da ke rajistar filaye. Ku ɗauki magini na amana ya dubi gidan, ku tambayi maƙwabta inda ruwa ke kwanciya a watan Agusta. Sannan ku yi lissafi irin na kasuwa: kuɗin saye, da caji, da gyara. In jimillar ta kusa kuɗin gida mai lafiya, ina ribar?

Abu mafi muhimmanci, kada a taɓa jari. Ɗan kasuwar da ya ci bashin banki, ya jinginar da shagonsa ko gidan da yake ciki don ya sayi gidan gwanjo, ya tuna cewa ta wannan hanya ce mai gidan na farko ya bi har aka liƙa masa takarda a ƙofa. Hausawa sun ce garin neman ƙiba akan samo rama. Allah ya rufa mana asiri, ya raba mu da bashin da ya fi ƙarfinmu.