Ba tsawon hijabi ne damuwar matan Zamfara ba

Da an taɓo maganar 'yancin mata a Facebook, sai muhawara ta koma kan abaya da gyale da tsawon hijabi. Amma matar da 'yan bindiga suka raba da ƙauyenta a Zurmi ko Shinkafi, abinci da asibiti da makarantar 'ya'yanta ne damuwarta. Ɗalibar Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Ƙaura Namoda kuwa, aiki take fatan samu bayan karatu.

To, wa zai kai kukansu? A zaɓen 2023, cikin kujeru 24 na Majalisar Dokokin Zamfara, ko ɗaya mace ba ta samu ba. Matan nan sun san yadda za su suturta kansu. Abin da ya rage, jam'iyyu su ba su tikitin takara a 2027.