Haddar Kalmomi Ba Ita Ce Turanci Ba

Akwai waɗansu mutane a ƙasarmu, daga Dauran har Zurmi da Shinkafi, waɗanda ke gaya wa wanda ya gama ajin yaƙi da jahilci wai in ya haddace kalmomi dubu ya iya Turanci ke nan. Wannan magana ruɗi ce, kuma tana jawo wa mutane hasara.

Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929, takardun ciniki da Turanci suke zuwa mana. Da aka buɗe kwalejin kimiyya da fasaha a garin a 1983, takardar neman shiga ma da Turanci ce, haka kuma saƙon banki a waya. Mai tarin kalmomi ba ƙa'ida, a irin waɗannan takardu yake faɗawa rami.

Mu fara da lokacin aiki. Bahaushe ya ce na biya, ina biya, zan biya; kalmar aikin tana nan, abin da ke gabanta ne ke nuna lokaci. Bature kuwa sau da yawa kalmar kanta yake juyawa: pay ta koma paid, go ta koma went. In dillali ya rubuto "I will pay", alkawari ne kawai. In ya ce "I have paid", ya biya. Wanda bai rarrabe ba sai ya saki buhun gero a kan alkawari.

Sai salon magana. In Bature ya ce wani "kicked the bucket", ba bokiti aka shura ba, mutumin ya riga mu gidan gaskiya ne. Kada ku yi musu dariya. Mu da muke cin kasuwa, mu sha iska, mu sha kashi, ina wanda ya taɓa tauna kasuwa? Irin wannan magana ɗungurungum ake koyonta, ba a yanka ta gunduwa-gunduwa.

Aya da waƙafi kuwa, ba sai an je Turanci ba. Dubi "An biya kuɗin." da "An biya kuɗin?" A baki murya ke rarrabewa, a takarda kuwa sai alama. Haka "Malam ya zo" da "Malam, ya zo."

Saboda haka, 'yan'uwa, ku fara gyara ayoyinku da Hausa, sa'an nan ku koyi Turanci jimla-jimla. Malamin da ya ba ku jerin kalmomi kurum, ku ce ya sa muku su cikin magana. Allah ya sa mu dace, amin.