A Rubuta Ganin Wata, A Kai Taska

Duk ran 29 ga Sha'aban, da ran 29 ga Ramalana, in rana ta faɗi mutanen Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi su kan zuba wa yamma ido. In an ga jinjirin wata a gaya wa dagaci, dagaci ya gaya wa hakimi, hakimi ya kai wa sarki, har labari ya isa fadar Sarkin Musulmi a Sakkwato, a yi shela. Ba mu da ta cewa a kan wannan tsari. Abin da ya dame mu shi ne, da gari ya waye shi ke nan, labari ya bi iska. Baɗi in gardama ta tashi, wasu na azumi wasu na Salla, ba takardar da za a ɗauko a duba.

Ga masana ilmin taurari kuwa, ganin dare ɗaya ba ya da nauyi sai an haɗa shi da ɗaruruwan 'yan'uwansa. A 1998 aka kafa wata ƙungiya ta masu duban wata na ƙasashen duniya, ana ce mata ICOP, ƙarƙashin Muhammad Shaukat Auda na Jodan. Kowane wata membobinta su kan aika da sakamakonsu, a tace, a ajiye a intanet inda kowa zai karanta. Da shaidu 737, waɗanda kusan rabinsu na ƙungiyar ne, Auda ya fitar da ma'aunin da ke nuna inda wata zai ganu da ido, da inda sai da madubin hangen nesa, da inda ba shi ganuwa sam.

To, irin wannan taska ba ta da amfani da ɗanyen labari, watau "an ce an gani a ƙauye kaza". Sai an rubuta sunan gari da kwanan wata, da lokacin faɗuwar rana, da mintin da aka fara gani, da ido ko da madubi, mutum nawa, da halin sama. Wannan na ƙarshe shi ne namu na musamman, don hazon hunturu da ƙurar da ke taso mana daga Hamada ba wanda zai kwatanta su daga Turai. Kuma daren da aka duba ba a gani ba, lalle a rubuta shi. Wasu na jin kunyar rubuta "ba mu gani ba", alhali kuwa da irin waɗannan ne a ke gane iyakar idon ɗan Adam.

Kada wani ya ce wa zai karanta. Marubutan Babila sun zana husufi a kan allunan yumɓu, Ibn Yunus ya auna nasa a Alƙahira wajen shekara 1,000 da ta wuce. A 2016 masana a Ingila suka haɗa irin waɗannan da na Sin da na Girka, tun daga shekara ta 720 kafin haihuwar Annabi Isa, suka nuna tsawon yini na ƙaruwa da kusan kashi 2 cikin 1,000 na daƙiƙa a kowace shekara 100. Mu ma husufi ya rufe Gusau da Ƙaura da Katsina da Maraɗi da hantsin 29 ga Maris 2006. Makaranta nawa ta rubuta lokacin da duhu ya sauka da lokacin da ya yaye?

A zamanin En'e akawu ya kan shigar da haraji da jangali a littafi har anini, ga su can jibge a Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Kaduna masu bincike na ɗiba. Jikokinsa na ofishin hakimi ba su kasa shi ba. Muna roƙon kowace masarauta cikin ukun nan ta ware littafi guda, akawu ya riƙe, malamin lissafi ya duba masa agogo da alƙaluma. Da ya ke rashin tsaro ya hana fita bayan gari a wurare da yawa, filin makaranta ya isa in yammansa a buɗe ta ke. Ƙarshen shekara a yi kwafi uku: ɗaya fadar Sarkin Musulmi, mai yanke hukunci, ɗaya ɗakin karatu na Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura tun 1983, na ukun a aika wa ICOP.