Zuwa Wata Ba Tatsuniya Ba Ce, Ku Tambayi Kano Da Bauchi



Wani bidiyo yana ta yawo a wayoyin matasanmu, wai ɗan Adam bai taɓa taka wata ba, fim ne Amurka ta shirya. Babbar hujjarsu ita ce: in da gaske an je a 1969, me ya sa aka kasa komawa, har ake cewa fasahar ta ɓata? Mu dai ba mu yarda da wannan magana ba, ga kuma dalilanmu.

Tun farko, aikin bai yi mana nisa ba. Hukumar NASA ta kafa tashar bibiyar kumbo a Kano, kuma tana cikin tashoshin da suka bi John Glenn lokacin da ya kewaya duniya a Fabrairun 1962. A Agustan 1963 Shugaba Kennedy ya yi magana ta waya da Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa ta tauraron ɗan Adam Syncom 2. Ga kabarinsa nan cikin garinmu. Shi ma fim ya yi?

Sannan ba sau ɗaya aka je ba. Sau 6 aka sauka tsakanin 1969 da 1972, mutum 12 suka taka, suka dawo da kilo 382 na duwatsu da ƙasa. Tarayyar Sobiyet, babbar kishiyar Amurka a lokacin, tana da na'urorin bin diddigi, amma ba ta taɓa ƙaryatawa ba. Kishiya tana rufa wa kishiya asiri? A 2021 kumbon Indiya Chandrayaan-2 ya ɗauko hoton wurin da Apollo 11 ya sauka.

Batun ɓatan fasaha kuwa, ɗan Bauchi ne ya kamata ya fi kowa gane shi. Kamfanin Steyr ya harhaɗa taraktoci da manyan motoci a garin nan. Da aiki ya tsaya, injuna suka yi tsatsa, ƙwararru suka watse. Wa zai ce ba a taɓa harhaɗa tarakta a Bauchi ba? Haka Apollo. Mutum kusan 400,000 suka yi aikin, aka yanke kuɗi, masana'antu suka koma wasu sana'o'i, injiniyoyi suka tsufa. Zanen rokar Saturn V yana nan a ajiye. Hannayen da suka ƙera ta ne babu.

Abin da ya dame mu shi ne yaranmu. Yaron da aka koya wa cewa kimiyya yaudara ce, da wane ƙarfin gwiwa zai nemi gurbin injiniya a ATBU? Ƙin manufofin Amurka daban, ƙin gaskiya daban.

Muna roƙon iyaye da malamai, kafin ku tura irin wannan bidiyo ku bincika. Mai ja kuma ya kawo hujja, ba "an ce" ba.

Allah Ya sa mu dace.

Sakataren Ƙungiya