Wutar da ke ci a gidan da ba kowa

Duk wanda ya zaga unguwannin Daura da hantsi, bayan ma'aikata sun tafi ofis, yara kuma sun tafi makaranta, zai ga wani abu da ido ya saba da shi har ya daina lura. Ƙwan lantarkin ƙofar gida yana ci, alhali rana ta take. Fanka tana juyawa a ɗakin da aka kulle. Tankin ruwa ya cika yana malala ta bayan katanga, injin jan ruwan kuwa bai fasa aiki ba. Haka abin yake a Mai'aduwa da Zango da Baure da Sandamu, duk inda wayar lantarki ta kai.

Mai saurin yanke hukunci zai ce sakaci ne kawai. Lalle akwai sakaci a ciki, amma mu a ganinmu babban dalilin shi ne wutarmu ba ta da lokacin zuwa, ba ta da na tafiya. An ɗauke ta da daddare ana cikin guga, fitilu duk a kunne, hitar ruwan wanka a jone. Kowa ya lalubi shimfiɗarsa ya kwanta. Gari ya waye a cikin hanzarin shirin makaranta, ba wanda ya tuna da makunnin da aka bari a buɗe, domin babu wutar da za ta tuna masa. Da ƙarfe goma sha ɗaya sai a kawo wuta, ta tarar da gida ba kowa, ta kama aiki ita kaɗai har la'asar. Idan aka yi sa'a, kuɗi kawai aka yi hasara. Idan ba a yi ba, dutsen guga ya ci tufafi, daga nan ya kama katifa.

A zamanin NEPA, wadda aka kafa a 1972, mutane ba su cika damuwa da wannan ɓarna ba, saboda kuɗin wuta bai taka kara ya karya ba. Yanzu zamani ya juya. Tun daga watan Nuwamba na 2013 rarraba wuta a jihohin Kano da Katsina da Jigawa ya koma hannun kamfanin KEDCO, wanda ɗan kasuwa ne, ribarsa yake nema. A ranar 29 ga Mayu, 2023 aka janye tallafin man fetur, janareta ya gagari mai ƙaramin albashi. A watan Afrilu na 2024 kuma Hukumar Kula da Harkokin Wutar Lantarki ta Ƙasa, watau NERC, ta ɗaga farashin yunit ɗaya zuwa naira 225 ga 'yan rukunin farko, waɗanda aka yi wa alkawarin wuta ta awa 20 a kowace rana. Mafi ƙarancin albashin da aka sa wa hannu a watan Yuli na wannan shekarar kuwa naira 70,000 ne. Ma'aikacin da ke riƙe da iyali a kan irin wannan albashi ba shi da rarar da zai haskaka titi da ita da tsakar rana.

Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi magana a kan abin da ake kira gida mai sarrafa kansa, watau gidan da aka sanya wa na'urorin da ke kunna kayan wuta su kashe su ba tare da an jira hannun mutum ba. A Turai da Amurka abin ya yi nisa. Can babbar matsalarsu ɗumama ɗaki ce a lokacin sanyi, don haka suka ƙera na'urar da ke auna zafin gida, ta gane lokacin da masu gida suka fita ta rage wuta, har mai gida yana iya ba ta umurni ta wayarsa daga wani gari. 'Yan kasuwa sun fara shigo mana da irin waɗannan kaya, ana tallarsu ga masu hannu da shuni. Ba mu hana kowa sayen abin da aljihunsa ya iya ɗauka ba. Sai dai na'urar da ba ta aiki sai da intanet, wadda ita kanta tana shan wuta dare da rana tana jiran umurni, kuma babu mai gyaranta sai an kai ta Kano, ba ita ce za ta fitar da malamin firamare na Zango daga ƙangi ba.

Abin da gidajenmu ke bukata ya fi haka sauƙi, kuma akwai shi a kasuwa tun da daɗewa. Akwai makunni mai gane hasken rana, wanda ke kunna fitilar ƙofar gida idan magariba ta yi, ya kashe ta da kansa idan gari ya waye. Akwai ɗan tulluƙi da ake rataya wa a cikin tanki, wanda ke tasowa tare da ruwa, da zarar tanki ya cika ya yanke wa injin wuta. Injin jan ruwa mai ƙarfin doki ɗaya yana shan wat kusan 750, kuma a ƙasa irin tamu da ke bakin hamada ruwan da yake zubarwa ya fi wutar da yake sha ciwo. Akwai makunni mai agogo, wanda za a saita wa hitar ruwa a lokacin hunturu ta yi rabin awa da asuba ta tsaya.

Wanda ya fi dacewa da halin da muke ciki shi ne makunnin da ke sakin kansa idan an ɗauke wuta, ba kuma zai koma aiki ba sai mutum ya zo ya danna shi. Duk layin da dutsen guga da hita da risho na lantarki suke kai, irin wannan ya kamata a sa masa. Ɗan'uwansa shi ne mai tsaron firji, wanda ke jinkirta shigar wuta na 'yan mintoci bayan an kawo ta, ya kuma yanke ta idan ƙarfinta ya haura ko ya faɗi ƙasa da ƙima. Duk wanda ya taɓa biyan kuɗin gyaran firjin da wuta ta ƙona ya san cewa abin kariyar bai kai abin da yake karewa tsada ba. Amfanin waɗannan biyu ya wuce gida ɗaya. Idan aka kawo wuta, kayan unguwa baki ɗaya suka zabura a lokaci guda, taransifoma ce ke ɗaukar nauyin, kuma sau da yawa ita ce ke faɗuwa. Kowa ya san abin da ke biyo baya: duhu na makonni, da yawon karɓar karo-karo gida-gida.

Bari mu yi ɗan lissafi, domin 'yan makaranta da ke karanta wannan shafi su gwada a gidajensu. Tsohon ƙwai mai zare na wat 60, idan ya ci dare da rana, yana shan yunit 43 da ɗoriya a wata. Ƙwan zamani na LED mai wat 9 yana ba da haske kusan daidai da nasa, kuma idan aka haɗa shi da makunni mai gane rana ya ci awa 12 kaɗai, abin da zai sha bai kai yunit 4 ba. Bambancin kusan yunit 40 ke nan, wanda a farashin rukunin farko na Afrilun 2024 ya kai kimanin naira 9,000 a wata, a kan ƙwai ɗaya tak. Mun sani ba kowace unguwa ke samun wuta haka a jere ba, kuma 'yan sauran rukunai ba sa biyan wannan farashi, don haka kowa ya rage lissafin gwargwadon halinsa. Ko an raba shi gida huɗu, abin da ya saura zai sayi littattafan rubutun yaro.

A ɗauka kuma gidaje 20,000 a masarautar nan kowanne ya daina barin irin wannan tsohon ƙwai guda biyu a kunne da rana. Nauyin da zai sauka daga kan layi ya kai megawat 2.4, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na megawat 10 da aka tsara tashar iska ta Lambar Rimi za ta bayar. Ita wannan tasha, wadda aka faro tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana Gwamnan Jihar Katsina, ta ɗauki shekaru fiye da goma ana jiranta. Kashe ƙwai kuwa ba ya bukatar kwangila.

Amma duk wannan zance ba shi da amfani ga gidan da ba shi da mita. Mutumin da ake kawo wa takardar kuɗi ta ƙiyasi, ko ya kashe ko ya kunna abu ɗaya zai biya, da wace hujja za a ce ya fitar da kuɗinsa ya sayi na'urar tsimi? Hasali ma wasu da gangan suke barin komai a kunne, wai don su fanshe abin da aka caje su. Hukumar NERC ta sa iyaka a kan kuɗin ƙiyasi a watan Fabrairu na 2020, Gwamnatin Tarayya kuma ta ƙaddamar da shirin raba mitoci a wannan shekarar, amma rahotannin hukumar na 2024 sun nuna fiye da rabin masu rajistar shan wuta a ƙasar nan ba su da mita. Muna kira ga kamfanin rarraba wuta da ya ɗauki wannan a matsayin bashi a wuyansa. Wanda yake ganin yunit ɗinsa yana raguwa a gaban idonsa ba ya bukatar wa'azi.

Akwai kuma matsalar babban gida irin namu na gado, inda sassa biyar ko shida ke kan mita ɗaya. Wannan sashe yana da firji da na'urar sanyaya ɗaki, wancan ƙwai biyu da fanka kawai gare shi, amma idan kati ya ƙare sai a raba kuɗi daidai. An sha ganin zumunci ya yi tsami a kan haka. Ɗaliban da ke haya a cikin gari su ma sun san wannan rigima da masu gidajensu. Ƙaramar mita ta cikin gida, wadda ke nuna abin da kowane sashe ya sha, tana kashe wannan gardama, kuma duk mai gina gidan haya ya kamata ya sa ta tun ana jan waya.

Masu sola ma zancen ya shafe su, wataƙila fiye da kowa. Bayan duhun da ya lulluɓe yawancin jihohin Arewa na kwanaki da yawa a watan Oktoba na 2024, sakamakon lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta, mutane da dama sun ci bashi sun sa sola. Abin da ya fi tsada a cikinta, ya kuma fi saurin mutuwa, shi ne batir, kuma abin da ke kashe shi shi ne a tatse shi ƙarƙaf kowane dare. Makunni mai agogo da zai sa injin ruwa da firjin ƙanƙara su yi aikinsu da tsakar rana, sa'ad da hasken ya fi ƙarfi, ya bar wa batir fitilu da fanka da dare, yana iya ƙara masa tsawon rai sosai.

Ina hukuma ta shigo? A watan Maris na 2023 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan wannan gari, ya sa hannu a gyaran tsarin mulkin da ya ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta, a watan Yuni kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a sabuwar dokar lantarki. Tun 2017 ma akwai ƙa'idar tsimin makamashi a gine-gine da Ma'aikatar Wuta, Ayyuka da Gidaje ta Tarayya ta fitar, wadda ke jiran jihohi su ɗauka su yi aiki da ita. Muna ba Gwamnatin Jihar Katsina shawara ta fara da nata gidajen. Duk rukunin gidajen ma'aikata da za a gina, da ɗakunan kwanan ɗalibai, a rubuta a cikin takardar kwangila cewa sai an sa mita, da ƙwan LED, da makunni mai gane rana, da mai yanke injin ruwa, kafin a biya ɗan kwangila kuɗinsa na ƙarshe. Sakatariyoyin ƙananan hukumomi ma kada a manta da su, domin a nan ne ake kulle ofis ranar Juma'a a bar fanka tana fifita kujeru har Litinin.

Sa'an nan a dubi ginin kansa. Magabatanmu da suka yi soraye masu kaurin bango, irin waɗanda har yanzu ake gani a fadar Mai Martaba Sarkin Daura, sun san yadda ake hana zafin bazara shiga ɗaki ba tare da waya ba. Mu kuwa mun koma bulo siriri da kwano ba silin, mun sare bishiyar tsakar gida, sa'an nan muna neman na'ura ta sanyaya mana tanda. Babu makunnin da zai gyara wannan.

Saura masu sa kayan. Daura ta yi sa'a tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya a cikinta. Muna fata shugabanninta za su shirya gajeren kwas ga masu jan wayar wuta na cikin gari, waɗanda yawancinsu a wurin maigida suka koyi sana'a, a nuna musu yadda ake haɗa waɗannan na'urori da yadda ake gane na jabu. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci, domin kasuwa cike take da ƙwan da aka rubuta masa wat ɗin da ba shi da shi, da makunnin da ke narkewa cikin wata ɗaya. Magidancin da aka cuta sau ɗaya ba zai sake saye ba, kuma zai hana maƙwabcinsa. Jami'an Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Ƙasa ya kamata a riƙa ganinsu a shagunan kayan wuta na Daura da kasuwar Mai'aduwa, tun kafin zafin watan Maris ya shigo mutane su fara rububin saye.