Gani Bai Kori Ji Ba a Majigi

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Magana ce mai kyau a kasuwa, inda mutum zai taɓa ƙyalle da hannunsa. Amma akwai waɗanda suka ɗauke ta suka kai ta gaban farin allon majigi, suna cewa wai hoto ba ya ƙarya, abin da ido ya gani ke nan. Da waɗannan mutane nake jayayya, domin kuwa abin da ka gani a majigi, wani ne ya zaɓa maka shi, ya zaɓi inda za ka tsaya, ya kuma zaɓi hasken da za ka gan shi da shi.

Mu fara da wurin da ake girke na'urar ɗaukar hoto, watau kyamara. In aka sa ta ƙasa tana duban mutum daga wajen ƙafafunsa, sai ya fito dogo, ƙasaitacce, kamar mai sarauta bisa doki, kai kuwa kana durƙushe. In aka ɗaga ta bisa kansa, sai ya ƙanƙance, ya zama abin tausayi ko abin raini. Mutumin ɗaya ne, rigarsa ɗaya. Haka nan in aka matso da ita har fuska ta cika allo, dole zuciyarka ta shiga cikin halinsa, in kuwa aka ja da baya nesa, ko kuka yake yi ba zai dame ka ba.

Kada a ce wannan wasan yara ne. A shekarar 1934 jam'iyyar Hitila ta yi babban taro a birnin Nuremberg na Jamus, aka sa wata mace, Leni Riefenstahl, ta ɗauki taron da kyamarori wajen 30. Aka haƙa ramummuka gaban dandamali don a ɗauko Hitila daga ƙasa, sararin sama na bayansa. Aka liƙa wani abin hawa jikin sandar tuta don a hango jama'a daga bisa, jeri jeri kamar tururuwa. Fim ɗin ya fito a 1935. Ba a ƙirƙiri taron ba, an yi shi, mutanen ma na gaske ne. Duk da haka mai kallo ya tashi da cewa mutum ɗaya ya fi dubbai, alhali kuwa ramin da aka haƙa ne ya faɗa masa haka. Shekara huɗu bayan fitowarsa aka shiga Yaƙin Duniya na Biyu.

Sai haske. Masu wannan sana'a sukan kafa fitila uku: babba daga gaba ta ɗan karkata gefe, ƙarama daga ɗaya gefen don ta rage inuwa, ta uku daga baya don ta raba mutum da bango. In duk suna ci, fuska takan fito sarai, mai kwarjini, ka ji ka amince da mai ita. Kashe ƙaramar, rabin fuska ya shiga duhu, sai ka fara zarginsa tun bai buɗe baki ba. Sauko da babbar ƙasan haɓarsa, ya koma dodo. Kowane yaro da ya taɓa kara tocila a haɓa da dare don ya tsorata ƙannensa ya san wannan.

Har wa yau akwai jerin hotuna. Wajen 1920 wani malami a Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki hoton fuskar ɗan wasa guda, ba fara'a ba fushi, ya haɗa shi da kwanon miya, sa'an nan da gawa cikin akwati, sa'an nan da wata mace. Aka ruwaito cewa 'yan kallo sun yaba gwanintarsa wajen nuna yunwa da baƙin ciki da so, ga shi kuwa hoto ɗaya ne aka maimaita.

Wani zai ce, to, tun da haka ne, a riƙa yi wa talaka fim marar dabara. An gwada wannan a kanmu. William Sellers, ma'aikacin lafiya a Nijeriya, wanda aka ba shugabancin sashen finafinan ƙasashen mulkin Ingila a 1939, ya kafa ƙa'ida cewa 'yan Afirka ba su fahimtar hoto mai sauri, don haka a bar kyamara tsaye wuri ɗaya, a ja kowane abu a hankali. Ni ban ga kariya a nan ba, raini na gani. Wanda ya iya rarrabe baƙi da wasali cikin 'yan watanni a ajin yaƙi da jahilci, ba zai kasa gane inda aka kafa fitila ba, in dai an nuna masa sau ɗaya. Kuma fim ɗin Sellers ma ba a raba shi da dabara ba, don kuwa shi ke zaɓen wanda zai fito da tsabta cikin haske, da wanda za a nuna cikin ƙazanta.

Saboda haka in ka zauna kallo, ko a silima ko a talabijin ko a wayar hannu, musamman lokacin zaɓe, duba ka gani: daga ƙasa aka ɗauko ɗan takara ko daga bisa? Taron nan da ya cika allo, an ja baya an nuna maka iyakarsa, ko kuwa an matso ne don kada ka ga filin da ba kowa?